Mai Askin Da Ya Yi Wa Bishiya Ƙwal-Kwabo

An yi wani mai aski a wani layi mai yawan shaguna, shagonsa na jikin na tela, duk layin Na-Sani ake kiran mai askin. Ba iyayensa ne suka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce masa injin jirgin sama ya tsaya, zai ce ya sani, matsalar daga fulogi ce. Ka ce masa matarka ta haihu, zai ce ya sani, tun daga tafiyarka ya gane. Aski kam ya iya, wannan ba mai ƙwace masa. Shekara ashirin da shida yana riƙe da almakashi, bai taɓa yanke kunnen kowa ba. Abin da ya kasa koya shi ne inda iyawar tasa ta tsaya.

Kujerar shagon ta tsufa. Ba ta ɗagawa, ba ta sauka, in mutum mai jiki ya zauna sai ta yi ƙara kamar ana yanka ta. Don haka shi da matarsa suka tara dubu sittin na sabuwa. Talatin da biyar daga askinsa, ashirin da biyar daga ƙanƙarar da take daskarawa a firjin gida tana sayarwa. Kuɗin na cikin gwangwanin madara a saman kwaba, an kuma tsayar da magana, ƙarshen wata za a je a ɗauko kujera.

Ranar wata Talata likitan haƙori na bakin titi ya zo gyaran gemu. Yana zaune fuska duk kumfa ya ciro wayarsa ya nuna wa Na-Sani hoton wata bishiya. Gindinta a murɗe, rassanta a baje, ganyenta cunkus, kai ka ce ta shekara ɗari a bakin kogi. Amma a cikin ɗan kasko take, a kan teburi, kusa da kofin shayi.

"Bonsai ake ce mata," in ji Likita. "Tawa ce. Shekara goma sha ɗaya ina rainonta. Ana datse mata rassa da saiwa, ana lanƙwasa ta da wayar ƙarfe, ta tsufa ba ta yi tsawo ba. Mai kyau irin wannan, kuɗinta ya kai na babur."

Rezar Na-Sani ta tsaya a iska.

"Na babur?"

"Sabo ma kuwa."

"Don an datse ta?"

"To, ba datsewa kaɗai..."

"Na sani, Likita. Ai aski ne. Kai da kake cire haƙori ka ɗauki shekara goma sha ɗaya, don ba hannunka ba ne. Ni da almakashi ya girma a hannuna, wata guda ya yi mini yawa."

Likita ya so ya ƙara magana, amma reza na maƙogwaronsa, sai ya ga shiru ya fi.

Da yamma Na-Sani ya isa gida da takarda da biro. Ya tarar da matarsa tana ƙulla ledojin ruwa, ya ja kujera ya zauna gabanta kamar wanda ya zo neman aure.

"Maman yara, me za ki ce in kujera ɗaya ta zama uku?"

"Zan ce ka sha rana. Me ka gani?"

Ya yi mata bayani, da hannu da ƙafa. Ta saurara tana ƙulla leda, ba ta ɗaga kai ba.

"Wato bishiyar da ta ƙi girma ita ce ke da tsada."

"Ba ƙin girma ba ne, horo ne."

"Ga autanmu nan ya ƙi tsawo, ba wanda ya taɓa taya shi."

"Ki daina wasa. Wata guda na roƙa. Ranar Asabar ta ƙarshen wata zan baje ta a ƙofar shago, a yi ciniki a gaban kowa. In ban ninka kuɗin nan uku ba, ki kira ni da sunan da kika ga dama."

Ta ɗaure ledar ƙarshe, ta goge hannu a zane.

"Ba na bukatar sabon suna, wanda kake da shi ya ishe ka. Talatin da biyar naka ne, ka ƙona su in ka so. Ashirin da biyar nawa ne, yatsuna sun san sanyin da suka sha kafin su taru. Asabar ɗin ƙarshen wata, ko in ga kujera, ko in ga kuɗina."

Shi a kunnensa wannan izini ne. Washegari gwangwanin madara ya wayi gari fayau.

A ƙarshen layin akwai wata tsohuwa mai sayar da dashe, kowa Iya yake ce mata. Filinta cike yake da ledoji baƙaƙe masu 'ya'yan itatuwa, ita kuma tana zaune a tsakiya kan bokitin da aka kifa, hannunta kullum da laka. Nan Na-Sani ya fara zuwa, ba don neman shawara ba, don a san ya shigo harkar.

"Iya, bonsai zan fara."

Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Nawa ka ware?"

"Dubu sittin."

"Mayar da hamsin da biyu gida kafin matarka ta ji."

"Ta riga ta ji."

"To Allah ya ba ta haƙuri. Zauna ka saurara, ɗana. Mai farawa ba ya kashe kuɗi, don bishiyarsa ta farko mutuwa take, ta biyu ma sau da yawa ta bi ta. Ka ɗauki dashe uku masu araha. Ka sami kaskon ƙasa mai huji a gindi, na ɗari biyar. Yashi mai tsakuwa, kwano biyu. Wayar ƙarfe ɗan ƙulli. Almakashi kana da shi har ya yi maka yawa. Duka-duka dubu takwas, da canji. Sauran ka ajiye, sai bishiya ta shekara a hannunka da ranta, sannan ka saya mata kasko na gayu."

"Iya, wannan kasafin masu tsoro ne."

"Na masu bishiya ne. Abu mafi tsada a harkar nan shekaru ne, su kuwa ba na sayarwa."

"Na sani," in ji shi, ya miƙe yana kaɗe wando.

Daga nan kasuwa ya nufa, ya yi nasa kasafin irin na masu zuciya. Ya ga wani kasko shuɗi mai ƙyalli, da zanen tsuntsaye a jiki, ya biya dubu goma sha takwas. Abin da ya fi burge shi, ya juya gindin ya ga ba huji ko ɗaya, wato ba zai ɓata masa teburi da ruwa ba. Ya sayi akwatin kayan aiki na dubu goma sha huɗu, ƙananan almakasai da hantsaki da wani ɗan abu mai kama da cokali mai yatsu wanda bai ma san amfaninsa ba. Kafinta ya yi masa teburi mai lanƙwasassun ƙafafu a dubu tara. Mai fenti ya rubuta masa allo a dubu bakwai: ASKI DA BONSAI, ƘWARARRE NA CIKI. Takin zamani kuwa buhu guda ya ɗauka, dubu shida, wai a kan sari ya fi sauƙi.

Da aka sauke kayan a ƙofar shago, Tela ya leƙo da tef a wuya. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, kuma shekara ashirin Tela na jiran rana irin wannan.

"Mutumina, tarewa ake yi? Ga gado, ga kwano, ga abinci buhu guda. Ina amaryar?"

Sai a lokacin Na-Sani ya tuna bai sayi bishiya ba. Ya laluba aljihu, dubu shida suka rage.

"Ai da gangan ne," ya ce. "Gida ake fara shiryawa."

Ya koma wurin Iya ya ɗauki dashen gwaba na dubu biyu. Ya cika shuɗin kasko da baƙar ƙasa, ya zuba taki kofi uku don ta san gidan masu hali ta zo, ya kwarara ruwa har ya kwanta a sama. Duk wanda ya zauna aski sai an juya kujera ya fuskanci gwaba, an yi masa lacca. Wani direba ya nemi a rage masa gefe kawai, ya tashi da rabin kai a aske, don mai askin na nuna masa inda reshe zai lanƙwasa.

Kwana huɗu ganyen gwaba ya yi rawaya. Kwana shida shagon ya fara wani wari kamar an manta wanki a bokiti. Tela ya shigo yana toshe hanci.

"Wani abu ya mutu a nan."

"Barci take. Haka suke yi in an canza musu wuri."

"To ta yi wanka kafin ta kwanta mana."

Na-Sani ya ɗan ja gindin don ya gyara mata tsayuwa, sai ga gwaba a hannunsa, saiwar ta narke baƙa ƙirin. Ya dube ta, ya dubi Tela.

"Irin ne ba shi da kyau," ya ce.

Iya ba ta yi mamakin ganinsa ba.

"Kaskon naka da huji?"

"Kasko na dubu goma sha takwas zan huda?"

"To ka saya mata kwale-kwale."

Ya biya dubu biyu ya ɗauki dashen rumman. A hanya ya tsaya wurin mai walda, aka huda shuɗin kaskon a ɓoye, har gefe ya ɗan tsage. Ya juya tsagin ya fuskanci bango.

Wannan karon ya zauna ya yi nazari, kuma nazarin ne ya kashe rumman. Ya ce a ransa, kuskuren da ya yi da gwaba shi ne ya bi ta da hanyar manoma, alhali shi ba manomi ba ne. Abin da ya sani shi zai yi. Duk kan da ya shigo shagonsa a hargitse yana fita da kyau, saboda akwai tsari, kuma tsarin bai taɓa ba shi kunya ba. Ya jiƙa tawul a ruwan zafi ya naɗe rumman don rassa su yi laushi. Ya daidaita mata gefe da gefe da injin aski, ya fitar mata da layi a gaba. Duk inda ya yanka ya shafa sifirit kada ya yi ƙuraje. Ya bi ganyen da man gashi har suna ɗaukar ido, ya ƙarasa da hoda a gindi. Da ya gama, don sabo, har madubi ya ɗaga mata ta baya.

Tela na bakin ƙofa, ya kira mai gyaran waya da mai shayi su zo su gani.

"Ta ce ya yi?" Tela ya tambaya.

"Ku yi ta dariya. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata za ku nemi in ba ku aron kuɗi."

"Ni dai ka tambaye ta ko za a rina mata furfura."

Rumman ba ta kai gwaba haƙuri ba. Kwana uku ganyen suka nannaɗe suka yi baƙi, kamar an soya su, wanda in aka bi gaskiya soya su aka yi.

A gida matarsa ba ta tambaye shi komai ba. Kalanda kawai ta cire daga falo ta rataye a jikin ƙofar ɗaki, daidai inda idonsa ke fara sauka da safe, ta zagaye Asabar ɗin da jan biro.

Saura kwana goma sha biyu ya sake bayyana a filin Iya, da dubu biyunsa na ƙarshe a dunƙule a hannu.

"Ta biyun ma ta tafi?"

"Ba ta jure gyara ba."

"Wane irin gyara?"

Ya faɗa mata. Iya ta juya ta kalli dashenta ɗaya bayan ɗaya, kamar uwar da aka ce ta zaɓi wanda za a kai yaƙi. Ta jawo wata 'yar cediya mai kaurin gindi daga can baya.

"Ungo. Ka sa ta a yashi da tsakuwa. Ruwa sai ƙasa ta bushe. Taki kada ta ko ji ƙanshinsa. Tawul na kan mutane ne. Almakashi kuma ka bar shi a aljihu sai baɗi."

"Baɗi? Iya, kwana goma sha biyu gare ni."

"Ita ba ta sani ba."

Ya bi maganar yashi, ya bi ta ruwa, har ta taki ya bi, yana kallon buhunsa na dubu shida a lungu yana haɗiyar yawu. Kwana biyar cediya na tsaye kore shar, ba ta ce da kowa komai ba. Amma mai aski ya zauna da abu mai tsiro a gabansa, almakashi a aljihu, wannan azaba ce. Duk sanda ya ɗaga kai sai ya ga wani ganye ya fi 'yan'uwansa tsawo. Ranar ta shida ya ce bari ya taɓa guda ɗaya. Da ya cire shi sai hagu ta fi dama. Ya rage dama, sai sama ta yi tsini. Ya taɓa sama. Kafin mai shayi ya wanke kofunansa, cediya ta koma ƙwal-kwabo, rassa biyar tsirara kamar yatsun hannu.

Bai tsorata ba. Duk mai aski ya san gashi in aka kwashe shi tas, ya fi fitowa da yawa da ƙarfi. Haka ya faɗa wa Tela, haka ya faɗa wa duk wanda ya zauna a kujera, ya kuma ƙara da cewa kowa ya zo ranar Asabar da ƙarfe goma, ya zo da kuɗinsa. Har wurin Likita ya aika.

Litinin ba toho. Laraba ba toho. Ranar Alhamis ya ɗauko gilashin da yake duba ƙwarƙwata da shi ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya, bai ga komai ba sai sawun almakashinsa. Ranar Juma'a da yamma matarsa ta biyo ta ƙofar shagon da kular ƙanƙara a ka. Ya yi wuf ya tsaya tsakaninta da teburi.

"Gobe ne, Baban yara."

"Na sani."

"Ina so in zo da wuri, in sami wurin zama."

A nan dabara ta zo masa, kuma ita ma daga cikin sana'a ta fito. Mutum nawa masu sanƙo suka shigo shagon nan ranar ɗaurin aurensu, suka fita da gashi har goshi? Akwai gam na musamman a cikin durowa, wanda ake manna gashin kanti da shi. Kan mutum ma ya riƙe, balle reshe.

Asabar da sassafe, kafin a buɗe shaguna, ya zagaya bayan shagon Tela inda wata bishiyar lemo take, ya tsinko ƙananan ganye cike da hula. Ya kulle kansa a shago ya zauna da hantsakin nan na akwatin dubu goma sha huɗu, wanda sai yau ya yi amfani. Ganye ɗaya, ɗigon gam ɗaya. Awa biyu yana yi. Da ya ja da baya ya duba, shi kansa sai da ya girgiza kai. Ta fi ta hoton Likita cika. Ya ɗauko ƙyallen da yake yafa wa masu aski ya lulluɓe ta, ya ɗaure ta baya da kyau kada wani ya leƙa, ya fitar da teburi ƙofar shago ya ajiye a rana, a ƙarƙashin allo.

Ƙarfe goma layin ya cika. Mai shayi ya kawo bencinsa, mai gyaran waya ya rufe shago, direban nan mai rabin kai ya zo da abokansa. Likita ya iso da farar rigarsa. Iya ta taho a hankali da bokitinta, ta kifa ta zauna a gaba. Matarsa na gefe a tsaye, hannu a ƙirji. Tela ne ya zo a makare, yana gunaguni wai awaki sun yi masa ɓarna a bayan shago, kuma awakin zamani har tsalle suke, don ta sama suka ci.

Na-Sani ya sa rigarsa ta zuwa biki. Ya yi jawabi na kusan rabin awa, rana na dukan ƙyalle. Ya ce wasu na ɗaukar shekara goma sha ɗaya, bai kama suna ba. Ya ce wasu sun so ya yi kasafin dubu takwas, nan ma bai kama suna ba. Ya ce za a fara tayi daga dubu ɗari da tamanin, kuma ba ya karɓar bashi ko daga maƙwabci.

Sannan ya kwance ɗaurin baya. Da wani ne, da a hankali zai ɗaga ƙyallen. Amma shekara ashirin da shida hannunsa ya saba da hanya ɗaya ta cire ƙyalle daga wuyan mutum: a fizge, a kaɗa a iska, ya yi fat. Haka ya yi.

Ƙyallen ya tashi da fiye da rabin ganyen manne a cikinsa. Da ya yi fat, suka watsu a kan jama'a, wasu a hular mai shayi, ɗaya ya sauka a goshin Likita ya zauna daram. Cediya ta bayyana da ganye a gefe guda, ɗaya gefen tsirara, zaren gam na ja daga rassanta kamar yauƙi.

Na-Sani ya ga 'yan ganye sun zuba a kan rassan ƙasa da bakin kasko, kuma kafin kansa ya ba da umarni, hannunsa ya riga ya ciro burushi daga aljihu ya kaɗe mata wuya, shaf, shaf, shaf. Sauran ganyen suka bi.

Iya ta ɗauki guda daga cinyarta, ta murza, ta kai hanci.

"Cediya na sayar maka, ɗana. Yaushe ta fara haihuwar lemo?"

"Aure aka yi musu," in ji Na-Sani. "Dabara ce ta ƙwararru, ana haɗa iri biyu..."

"Da gam?" Likita ya tambaya, yana ƙoƙarin ɓamɓare na goshinsa.

Tela ya tsinci ganye biyu ya ɗaga su sama, ya dube su kamar ya ga 'ya'yansa da suka ɓata.

"Jama'a, ga akuyar nan da rigar biki."

Dariyar da aka yi, har masu wucewa a mota sai da suka rage gudu. Direba ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Mai shayi ya ce shi ma a manna masa biyu a gaban goshi, tunda an fara. Na-Sani na ta ɗaga hannu yana cewa a tsaya a ji bayani, ba wanda ya tsaya.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Matarsa ta ratso jama'a, ta ɗauki kaskon ta juye cediya da ƙasarta a kan wata leda, ta buga tafi sau biyu.

"Tunda an taru, kuma an ce kowa ya zo da kuɗi, ba za a koma da su ba. Kasko shuɗi, an saya goma sha takwas, yana da huji da ɗan tsagi. Nawa?"

"Maman yara, ki bari mu je gida mu..."

"Ka yi naka jawabin. Nawa, jama'a?"

Matar mai kantin magani ta ɗauke kasko a goma sha biyu. Likita, wanda tun ɗazu idonsa ke kan akwatin kayan aiki, ya ba da goma, ya kuma bayyana cewa abin nan mai kama da cokali na tsefe saiwa ne. Na-Sani ya buɗe baki zai ce ya sani, matarsa ta dube shi, ya rufe. Tela ya sayi teburi a bakwai, ya ce a cire masa kuɗin ganye, ta ce ya kai ƙara wurin akuya. Iya ta karɓi buhun taki a huɗu. Allon ne ya ƙi tafiya, sai da mai shayi ya ce zai juya bayansa ya rubuta farashi, ya ba da biyu.

Ta ƙirga a gaban kowa, ta ƙulle a bakin zane.

"Talatin da biyar. Su ne naka, suna nan a wurina sai an kai na kujera. Nawa ashirin da biyar su ne suka bi iska."

Na-Sani ya tsaya da burushi a hannu, ba teburi, ba allo, ba kasko. Abin da ya rage a ƙofar shagon sai cediya a kwance kan leda, tsirara, da gam a jiki. Mai gyaran waya ya ce a jefa ta a bola kafin wani ya taka.

"Miƙo ta nan," in ji Iya.

Ta juya ta a hannu, ta sa farce ta ɗan kankare ɓawon gindi. Ta matso da ita kusa da ido, ta sake kankarewa a reshe.

"Ikon Allah. Kore ne a ciki. Duk abin da ka yi mata, ba ta mutu ba. A wanke gam ɗin nan, a sa ta a gwangwani mai huji, a ajiye a inuwa. In ba a taɓa ta ba, sati uku za ta yi toho. Gindin ma ba laifi. Nan da shekara shida ko bakwai, mai hankali zai iya fitar da abin kirki daga jikinta."

Kafadun Na-Sani suka dawo wurinsu. Ya juya ya fuskanci jama'a, ya ɗaga burushi.

"Kun ji da kunnenku. Da ranta. Me na ce muku game da ƙwal-kwabo? Wa ya aske ta? Nan da shekara shida, duk wanda ya yi dariya yau..."

Ya miƙa hannu zai karɓa. Matarsa ta riga shi. Ta naɗe saiwar a leda, ta saƙale cediya a hammata kamar kaza.

"Wannan ta zama jingina. Ranar da ashirin da biyar ɗina suka cika, mu yi maganar waye mai ita."

"To ai dole in riƙa duba ta. Ba ki san kanta ba."

"Za ta zauna bayan firji, wajen taga. Kana iya zuwa gaishe ta safe da yamma." Ta gyara ɗaurin zanenta, ta kama hanya, sannan ta waiwayo. "Hannu a aljihu, Baban yara. Aljihun ma sai na laluba."